Littafin Bashi Ya Koma Kwamfuta, To Ina Kwafinsa?

 

Yau za mu taɓo wata magana da yawancinmu muke ɗagawa zuwa gobe, saboda ba ta kawo ciniki, ba ta ƙara riba, kuma ba a ganin ranarta sai an shiga uku. Maganar ita ce, bayanan kasuwancinmu da ke cikin kwamfuta, idan kwamfutar ta mutu yau da daddare, a ina za mu same su gobe da safe?

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanakin baya wani ɗan'uwa a cikinmu, mai sayar da kayan masarufi a kan sari, ya buɗe shago da safe, yaro ya kunna kwamfutar da ake shigar da ciniki, sai ta yi wata 'yar ƙara ƙas-ƙas ta tsaya cak. Aka kai wa mai gyara, ya duba ya ce faifan ajiya ne ya mutu. A cikin faifan nan akwai lissafin kaya, da sunayen duk waɗanda suka ɗauki kaya bashi, da abin da kowa ya biya da abin da ya rage. Alhaji ya ce ai ba komai, akwai filashi, tun tuni ya ce wa akanta ya riƙa kwafewa duk ranar Asabar. Aka nemo filashin a aljihun tebur. Kwafin ƙarshe da ke ciki ya yi wata bakwai. Akantan ba mugu ba ne. Ya yi 'yan makonni yana kwafewa, aiki ya yi masa yawa, ya tsallake Asabar ɗaya, daga nan shi ke nan.

Bawan Allahn nan ya shafe makonni yana bin abokan ciniki yana tambaya, "Don Allah nawa ne ma ya rage a wurinka?" Masu amana suka faɗi gaskiya. Wasu suka ce ai sun biya tuntuni. Su kuwa dilolin da suke binsa kuɗin kaya ko kwabo ba su manta ba, nasu lissafin yana nan daram.

Iyayenmu da suka yi kasuwanci da littafi da biro sun san darajar littafin bashi. Ba ya kwana a shago, a aljihun babbar riga yake tafiya gida. Mu da muka koma kwamfuta mun samu sauri, amma da yawanmu mun yar da wannan tsantsenin. Ra'ayinmu a nan shi ne, duk sana'ar da ta kai tana da kwamfuta uku ko fiye, ko kemis ne, ko makaranta mai zaman kanta, ko ƙaramin asibiti, ko wurin ɗab'i, ko ofishin lauya, bai kamata ta bar aikin kwafin bayanai a hannun tunanin mutum ɗaya ba. A ware na'ura guda wadda aikinta ke nan, ta riƙa yi da kanta kullum, mai kasuwanci kuma ya riƙa duba ta yadda yake duba cinikin yini.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana ware kwamfuta ɗaya mai babban faifai a ajiye ta a gefe, ba mai aiki a kanta, ba mai kallon fim a kanta. Ita ce uwar garke, wadda masu harkar suke kira saba. Sauran kwamfutocin, ta akanta da ta mai karɓar kuɗi da ta sito, kowacce ana saka mata wata 'yar ƙaramar manhaja mai aiki a ɓoye, kamar 'yar aike. Duk an haɗa su da waya ko rauta ɗaya a cikin ofis. Idan lokacin da aka tsara ya yi, uwar garke za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta karɓi kwafin bayanansu. Ranar farko ce kaɗai take kwashe komai. Daga nan abin da ya canza ko ya ƙaru kawai take ɗauka, shi ya sa aikin kullum ba ya daɗewa. Kuma ba ta goge na jiya don ta rubuta na yau. Tana riƙe da na jiya, da na makon jiya, da na watan jiya, gwargwadon yadda aka tsara mata da kuma girman faifanta.

Wannan riƙe tsofaffin kwafi shi ne babban abin da ya raba tsarin da filashi. Ba kullum ake gane ɓarna a ranar da ta faru ba. Wani lokaci sai bayan mako biyu za a lura an goge shafi guda a lissafin Excel, ko wani ma'aikaci da ya ajiye aiki ya share sunan wani mai bashi kafin ya tafi. Wanda yake kwafe sabo a kan tsoho a filashi, ɓarnar ya kwafe. Mai uwar garke kuwa zai ce a dawo masa da fayil ɗin yadda yake ranar 3 ga wata, a ajiye shi kusa da na yau, a ga bambanci.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Manhajojin lissafi da na sito suna riƙe fayil ɗinsu a buɗe muddin ana aiki. Idan aka ja shi zuwa filashi a wannan hali, yakan kwafu rabi da rabi, a ga sunansa da girmansa kamar lafiya, sai ranar buƙata ya ƙi buɗewa. Manhajojin kwafi na ƙwarai suna amfani da wata dabara da ke cikin Windows wadda take ɗaukar hoton faifai na ɗan lokaci kafin a kwafa, domin fayil ya fita cikakke. Wasu ma suna iya ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, da Windows da manhajoji da saituna, ta yadda idan faifai ya mutu za a sayo sabo a juye masa komai a ci gaba da aiki, ba sai an kwana biyu ana sake saka manhajoji ana neman lambobin lasisi ba.

Manhajojin nan ba sababbi ba ne, kuma akwai na kyauta. UrBackup kyauta ce, tana kwafin fayiloli da na faifai sukutum, ana kuma duba rahotonta ta burauza. BackupPC ita ma kyauta ce, ba ta ma buƙatar a saka 'yar aike a kowace kwamfuta, kuma idan fayil iri ɗaya yana kwamfuta biyar sau ɗaya take ajiye shi. Bacula, wadda aka fara rubutawa tun shekarar 2000, da Bareos da ta ɓalle daga jikinta, sun fi ƙarfi amma sun fi buƙatar gwani. A ɓangaren na kuɗi akwai irin su Veeam da Acronis, kuma Veeam tana da nau'in kyauta da ke ɗaukar na'urori har 10. Ba tallar kowa muke yi ba. Wadda mai haɗa maka ya iya sosai, kuma za ka iya samun wani da ya iya ta idan shi ya yi tafiya, ita ce ta dace da kai.

Mun san abin da wasu za su ce, domin mun sha ji.

Na farko zai ce, ni ai komai nawa yana Google Drive. Madalla, ya fi babu. Amma a lura, aikin irin waɗannan manhajoji shi ne su daidaita abin da ke kwamfutarka da abin da ke intanet. Ka goge a nan, ya goge a can. Fayil ya lalace a nan, lalataccen ya hau can. Kwandon shara na Google Drive kwana 30 yake riƙe abu sannan ya zubar, kuma gigabait 15 na kyauta ba ya zuwa ko'ina ga mai wurin ɗab'i ko mai ɗaukar hoto. Ga kuɗin data, ga intanet ɗin da yake ɗaukewa lokacin da aka fi buƙatarsa. Kwafin da ke tafiya tsakanin kwamfutocin ofis ta waya ko rauta ba ya cin datar ko sisi.

Wanda yake ganin daidaitawa ta wadatar, ya ji abin da ya samu kamfanin jiragen ruwa na Maersk. A ƙarshen watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta ɓulla daga Yukren ta cikin wata manhajar lissafin haraji, ta shiga kwamfutocin kamfanin a faɗin duniya. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sai da suka sake girka saba 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shigarsu duk suna daidaita kansu da juna, kowacce kwafin 'yar'uwarta ce, don haka suka mutu tare. Kamar yadda mujallar Wired ta ba da labari a 2018, guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin, na'urar ba ta kan layi. Sai da aka ɗauko faifan aka kawo shi Najeriya, wani ma'aikaci ya karɓa a filin jirgi ya wuce da shi Ingila. Ɗauke wutar da muke kuka da ita kullum ita ta ceci kamfanin da ya fi mu kuɗi da ƙwararru. Su sa'a suka taka. Mu bai kamata mu jingina da sa'a ba.

Na biyu zai ce, wa zai damu da ɗan shagona har ya kawo mini hari? Masu garkuwa da bayanai ba sa zaɓe. Manhajarsu yawo take yi tana neman ƙofar da ke buɗe, ta shiga ta kulle fayiloli, ta bar takardar neman kuɗin fansa. WannaCry da ta ɓarke a watan Mayun 2017 ta shiga ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnatin Birtaniya sai da suka soke ganin marasa lafiya. Ta bi ta wata kafa ce a Windows ɗin da ba a sabunta ba. Mu duba shagunanmu, kwamfutoci nawa ne suke kan tsohuwar Windows, nawa ne aka saka musu manhajar sata, nawa ne kowa yake soka musu filashinsa? Ko Windows 10 da yawancinmu muke kai, Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoban 2025. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, namu bangon kuwa tsaguwarsa ba ɗaya ba ce. Irin wannan manhaja tana kulle duk faifan da kwamfutar take gani, har da na waje da aka bari a soke. Amfanin uwar garke shi ne, idan an tsara ta daidai, ita take zuwa ta karɓa, kwamfutocin ba su da ikon shiga rumbunta su goge ko su canza abin da ke ciki.

Na uku zai ce, tsada. Gaskiya ne akwai kashe kuɗi, ba za mu ɓoye ba. Ana buƙatar kwamfuta guda, ko da tsohuwa ce mai lafiya, da sababbin faifai, da batirin riƙe wuta ko layi daga inbata, da ladan wanda zai haɗa. A nan ne muke roƙon kada a yi ƙwauron faifai. A sayi tsohuwar kwamfuta ba laifi, amma faifan da za a damƙa wa amanar kasuwanci ya zama sabo. Sannan kowa ya yi wa kansa lissafi: jimillar bashin da kake bin mutane yau nawa ne, kuma idan shago ya tsaya kwana uku ba a iya fitar da rasit, nawa ka rasa? Ka ajiye wannan kusa da kuɗin haɗa tsarin. Mai kwamfuta ɗaya tak ba ma cewa lallai sai ya sayi saba, faifan waje biyu da manhaja mai kwafi da kanta sun ishe shi. Amma daga uku zuwa sama, bin kowacce da filashi aiki ne da ba wanda yake ɗorewa a kansa.

Na huɗu zai ce, wutar fa? Ita ma an yi mata tanadi. Ba dole ba ne a tsara kwafi da tsakar dare yadda ake yi a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. A tsara shi lokacin da janareto ko sola suke aiki kuma kwamfutoci suke kunne, misali da rana tsaka. Manhaja irin UrBackup tana lura da kwamfutar da lokacin kwafinta ya wuce, da zarar ta gan ta a kan layi sai ta kama aiki.

To amma kada mu yaudari kanmu. Uwar garke ita kaɗai ba ta gama magana ba, kuma wurare biyu ne masu ita suke faɗuwa.

Wuri na farko, a ajiye ta a ɗaki ɗaya da sauran kwamfutoci a ce an gama. Gobara ba ta tambayar wacce ce saba. Mutanen Kano ba su manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna. Mutanen Maiduguri sun ga gobarar Monday Market a Fabrairun 2023, sannan ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024 ta shanye unguwanni da kasuwanni. Ɓarawo ma idan ya fasa ofis duk abin da ya yi kama da kwamfuta yake kwashewa. Har manyan kamfanoni abin yana cin su. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu abokan hulɗarsu kuma suka tarar kwafin da suke taƙama da shi yana wuri ɗaya da asalin. Shi ya sa masu harkar suke da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku na bayananka har da na asali, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. A wurinmu fassararta mai sauƙi ce. Faifan waje guda biyu, ana juye musu abin da ke uwar garke, ɗaya yana shago ɗaya yana gidan mai kasuwanci, duk mako a musanya. Mai hali ya ƙara da tura muhimman fayilolin lissafi kaɗai zuwa rumbun intanet. Faifan da zai fita daga shago kuma a kulle shi da kalmar sirri, domin idan ya faɗi a cikin adaidaita sahu kada sirrin abokan cinikinka ya zama na wanda ya tsinta.

Wuri na biyu ya fi zafi: a yi ta kwafi ba a taɓa gwada dawowa da shi ba. Kamfanin GitLab, wanda sana'arsa ke nan ajiye aikin masu rubuta manhaja, ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyansu ya goge rumbun bayanai bisa kuskure. Suna da hanyoyin kariya har biyar, da aka zo nema aka tarar ba wadda take aiki yadda aka zata. Ɗaya ta daɗe da tsayawa, saƙon gargaɗin da take aikawa kuma ba ya isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan shi ya cece su, aikin awa shidan kuwa ya tafi. Idan haka ta samu masu wannan sana'a, ina ga mu? Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wata, mai kasuwanci da kansa ya zauna ya zaɓi fayil ɗaya, ya ce a dawo masa da na makon jiya, a buɗe a gabansa ya gani da idonsa.

Wannan ya kawo mu kan mai haɗa tsarin. Da yawanmu muna da wani yaro ko injiniya da muke kira idan kwamfuta ta yi gardama, kuma yawancinsu mutanen kirki ne. Amma kasuwancin naka ne. Kafin ka sallame shi, ka tabbatar da waɗannan:

1. Ya rubuta maka a takarda waɗanne kwamfutoci da waɗanne fayiloli ake kwafewa, da ƙarfe nawa, kuma kwafin kwana nawa ake riƙewa.

2. Kalmar sirrin uwar garke da ta faifan waje suna hannunka a rubuce, a ajiye a gida. Kwafin da aka kulle aka manta mabuɗinsa daidai yake da babu.

3. Ya nuna maka shafin rahoto, ya koya maka gane kwamfutar da aka kwafa jiya da wadda ta yi kwanaki ba a kwafa ba.

4. Ya dawo da fayil a gabanka, sannan ya faɗa maka awa nawa zai ɗauka a tayar da kwamfutar akanta idan faifanta ya mutu gaba ɗaya.

5. Idan ma'aikaci ya bar aiki, ko kun rabu da shi injiniyan, a canza kalmomin sirri a ranar.

Kada kuma wani ya ce maka ya saka faifai biyu masu kwafin juna a cikin kwamfuta ɗaya don haka an gama. Wannan yana taimako idan faifai ɗaya ya mutu, amma abin da aka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take.

Akwai ɓangaren doka ma ga mu da ke Najeriya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani mai rajista ya adana bayanan lissafinsa na shekara shida. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin kare su daga ɓata da lalacewa da faɗawa hannun da bai dace ba. Mai makaranta yana riƙe da sakamakon 'ya'yan mutane na shekaru. Mai asibiti yana riƙe da tarihin ciwon marasa lafiya da magungunan da ba sa jituwa da jikinsu. Waɗannan amana ce a hannunmu, kuma "kwamfuta ce ta lalace" ba amsa ba ce da za mu so a ba mu idan takardun ɗanmu ne suka ɓata.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ɗan'uwan da muka ba da labarinsa ya yarda a faɗa ne domin kada wani ya sha irin tasa. Yanzu yana da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur tana aikinta shiru, da faifai guda da yake tafiya da shi gida duk Asabar a aljihun riga, yadda mahaifinsa yake yi da littafi.

Aikin wannan mako ɗaya ne. Gobe idan an buɗe shago, kowa ya tambayi wanda ke riƙe masa da kwamfuta ya nuna masa kwafin ƙarshe, ya duba kwanan watan da ke jikinsa, ya sa a buɗe shi. Ku dawo ku faɗa mana abin da kuka tarar, ko da abin kunya ne, domin duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Masu amfani da ɗaya daga cikin manhajojin nan kuma su taimaka wa 'yan'uwa da abin da suka gani, daɗinsa da wahalarsa.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa.